Kogin Binuwai: Mafarinsa, Rassansa da Ƙasar da Ke Shayar da Shi

Kogin Binuwai shi ne mafi girma a cikin kogunan da ke zuba ruwa a Kogin Neja, wanda Hausawa suka fi sani da Kwara. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,400. Ya faro ne daga tsaunukan Adamawa da ke arewacin Jamhuriyar Kamaru, ya ratsa jihohin Adamawa da Taraba da Nasarawa da Binuwai da Kogi, sannan ya haɗu da Neja a Lakwaja. Ƙasar da ke tara masa ruwa kuwa ta kai murabba'in kilomita 319,000, a cikin ƙasashe uku: Nijeriya da Kamaru da Cadi.

Halin kogin ya samo asali ne daga shimfiɗar wannan ƙasa. Ruwansa yana sauka a kan duwatsu masu tsawo da suka kewaye shi, ya gangaro da gudu, ya taru a wani kwari shimfiɗaɗɗe mai ƙarancin gangare. Saboda haka yakan cika ya batse na 'yan watanni, sannan ya janye har yashi ya bayyana a tsakiyarsa. Noma da su da kiwo da sufuri a wannan yanki, da kuma ambaliyar da kan kai har Neja Delta, duk suna rataye ne a kan wannan cika da janyewa.

Suna da mafari

Masana sun danganta sunan kogin da harshen Bata, mutanen da suka daɗe a gaɓarsa ta sama, inda kalmar ke nufin uwar ruwaye. A tsofaffin taswirorin Turawa ana kiran sa Cadda, domin a da sun zaci daga Tafkin Cadi yake fitowa. Sunan kogin da na rassansa sun shiga taswirar mulki ta Nijeriya. An yi Jihar Binuwai da Filato daga 1967 zuwa 1976, aka kafa Jihar Binuwai da Jihar Gongola a 1976, sannan a 1991 aka raba Gongola zuwa Adamawa da Taraba. A wannan shekarar ce kuma aka kafa Jihar Kogi, wadda ta ɗauki sunanta daga kalmar Hausa saboda manyan kogunan biyu da suka haɗu a babban birninta.

Mafarin kogin yana arewa da garin Ngaundere, a wuri mai tsawon fiye da mita 1,300 daga doron teku. A kilomita 240 na farko yana sauka fiye da mita 600, ta kan duwatsu da magangaru masu ƙarfi waɗanda jirgi ba ya iya bi. Da farko arewa yake dosa, yana bi ta gefen gandun namun daji na ƙasa da Kamaru ta raɗa wa sunansa, kafin ya karkata arewa maso yamma ya shiga tafkin da madatsar ruwa ta Lagdo ta tara. Daga nan ya miƙe arewa maso yamma zuwa Garwa, babban birnin Lardin Arewa na Kamaru, wadda ta daɗe tana matsayin tashar jiragen ruwa ta ƙarshe a kogin.

Daga Garwa zuwa Lakwaja

Daga Garwa kogin ya sauya hali ɗungurum. A tafiyar kusan kilomita 1,000 da ta rage masa zuwa Lakwaja, saukar da yake yi ba ta kai mita 200 ba. Wannan ne ya sa yake tafiya a hankali, yana faɗaɗa, yana rarrabuwa tsakanin tsibiran yashi, yana kuma barin tafkuna da fadamu a ɓangarorinsa biyu.

Yana shigowa Nijeriya ta tsakanin duwatsun Mandara a arewa da duwatsun Alantika a kudu, a yankin Fufore na Jihar Adamawa. Ya wuce Jimeta, ƙofar Yola, inda tafkunan Geriyo da Njuwa suke. Ya isa Numan, hedikwatar masarautar Bacama, inda Kogin Gongola ya same shi. Daga nan ya juya kudu maso yamma ya shiga Taraba, ya wuce Lau da Ibi, duwatsun Muri suna arewa da shi, duwatsun Shebshi suna kudu. Bayan Ibi ya zama iyaka a wasu wurare tsakanin Nasarawa da Binuwai, ya raba birnin Makurɗi gida biyu, ya wuce Loko da Oweto da Bagana da Umaisha, har ya kai Lakwaja a gindin Dutsen Pati. A mahaɗar, ruwan kogunan biyu yakan yi ɗan nisa kowanne da launinsa kafin su gauraya.

Ko da yake ana kiran sa reshen Neja, ma'aunin da aka tattara kafin 1960 ya nuna cewa a mahaɗar Binuwai ne ke kawo ruwa mafi yawa: kimanin mita kubik 3,400 a kowace daƙiƙa a matsakaicin lissafi na shekara, shi kuwa Neja kimanin 2,500. Dalilin shi ne Neja yana asarar ruwa mai yawa a fadamun Mali da gefen Sahara kafin ya iso, Binuwai kuwa ƙasa mai wadatar ruwan sama yake bi tun daga farkonsa har ƙarshe.

Matattarar ruwa da manyan rassa

Abin da ake nufi da matattarar ruwan kogi shi ne dukkan ƙasar da ruwan saman da ya sauka a kanta ke gangarowa cikinsa, ko kai tsaye ko ta rafuka da ƙoramu. Ta Binuwai tana da iyaka da tsaunukan Adamawa da Mambila da Bamenda a kudu da gabas, duwatsun Mandara da tudun Biu a arewa maso gabas, da tudun Jos a arewa maso yamma. Bayan jihohi biyar da kogin ya ratsa, ta haɗa da mafi yawan Gombe, da manyan sassa na Filato da Bauchi, da kudancin Borno da Yobe. Ruwan saman da ya sauka a Biu ko Dukku ko Shendam ko Gembu, idan bai nutse a ƙasa ba rana kuma ba ta shanye shi ba, Makurɗi zai bi.

Daga ɓangaren kudu manyan rassa huɗu ne ke shigowa, kuma su ne ke kawo mafi yawan ruwan. Faro ya taso daga tsaunukan Adamawa, ya haɗu da Binuwai daf da iyakar Nijeriya da Kamaru, yana ɗauke da yashi mai yawa. Taraba ya fito daga duwatsun Gashaka, yankin da Cappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Nijeriya mai mita 2,419, da kuma gandun dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a cikin gandayen namun daji na ƙasa. Donga ya gangaro daga tsaunin Mambila ya shiga Binuwai gabas da Ibi. Katsina-Ala kuwa daga tsaunukan Bamenda na Kamaru ya fito, ya ratsa kudancin Taraba da ƙasar Tibi, ya haɗu da babban kogin gabas da Makurɗi. Akwai kuma ƙanana irin su Mayo Ine da Mayo Belwa. Kalmar mayo da ke cikin waɗannan sunaye Fulatanci ce, ma'anarta kogi.

Daga arewa Gongola ne babba. Ya faro daga gabashin tudun Jos, ya nufi arewa maso gabas kamar mai dosar Tafkin Cadi, sai a wajen Nafaɗa ya yi kwana ya juyo kudu, ya karɓi Kogin Hawul daga tudun Biu, ya isa Numan bayan tafiyar fiye da kilomita 500. Sauran na arewa sun haɗa da Kilange da Pai da Wase da Shemankar da Ankwe da Mada, waɗanda yawancinsu gajeru ne, masu cika farat ɗaya bayan ruwan sama, masu ƙafewa ko kusan haka da rani.

Reshe mafi ban mamaki shi ne Mayo Kebbi, wanda ya fito daga kudu maso yammacin Cadi. A shekarar da Kogin Logon ya yi cika sosai, wani ɓangare na ruwansa yakan tsallake gaɓa ya malala cikin fadamun ƙasar Tupuri, ya bi ta tafkunan Fiyanga da Tikem da Lere, ya faɗa Mayo Kebbi, daga nan sai Binuwai. Ke nan ruwan da aka sa ran zai ƙare a Tafkin Cadi sai ya ƙare a Tekun Atilantika. Masana ƙasa suna ɗaukar wannan a matsayin alamar cewa Binuwai, a hankali cikin dubban shekaru, yana janye ruwan Logon zuwa gare shi.

Kwarin da ƙasa ta tsage

Faɗin kwarin Binuwai ya fi ƙarfin abin da kogin kaɗai zai iya haƙawa. Asalinsa tsaguwar ƙasa ce da ta auku fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da nahiyar Kudancin Amurka ke rabuwa da Afirka. Tsagin ya miƙe kimanin kilomita 1,000, daga Neja Delta zuwa kusa da kwarin Cadi. Teku ta sha shigowa cikinsa tana janyewa, tana barin laka da yashi da ɓawon halittun ruwa, waɗanda suka daskare suka zama duwatsu masu hawa-hawa, kaurinsu kilomitoci. Daga baya aman wuta ya huda wasu wuraren, kamar yadda Dutsen Wase da tudun Biu da duwatsun Lunguda ke shaidawa.

Wannan tarihi ne ya bar wa yankin ma'adinansa. Dutsen siminti na Gboko da na Ashaka, da gishirin Awe da Keana da aka daɗe ana dafawa ana fatauci da shi, da dalma da tutiya na Zurak, da kwal na Maiganga da na yankin Lafiya da Obi, duk daga waɗannan duwatsu suke. A nan ne kuma, a Kolmani da ke tsakanin Bauchi da Gombe, aka ƙaddamar da aikin haƙar man fetur a watan Nuwamba na 2022.

Damina da rani

Ruwan sama a matattarar yana ƙaruwa ne daga arewa zuwa kudu, kuma daga kwari zuwa tudu. A wajen Yola da Garwa yana kusan milimita 1,000 a shekara, a Makurɗi ya haura 1,200, a tsaunukan Mambila da Bamenda kuwa yakan kusanci 2,000 ko ya wuce. Damina a kudancin yankin takan fara a Afrilu ta kai Oktoba, a arewaci kuwa ta fi gajarta. Bishiyoyi da ciyayi ma haka suke bi: dajin ƙirya da kaɗanya da ɗorawa a tsakiya, kurmi a bakin rafuka da gindin duwatsun kudu, ciyawa zalla a kan Mambila, giginya da goriba a fadamu.

Kogin yakan fara tasowa a watan Yuni. Da malka ta kankama a Agusta sai ya hau da sauri, ya kai ƙololuwa a Satumba a wajen Yola, a Makurɗi da Lakwaja kuwa daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. Bambancin tsawon ruwa tsakanin rani da damina mitoci ne masu yawa. Daga Nuwamba sai ya shiga janyewa, har zuwa Maris da Afrilu, lokacin da a wasu wurare na sama makiyaya ke ƙetarewa da shanu a ƙafa.

A nan Binuwai ya bambanta da Neja. Neja yana da cika biyu a Nijeriya: farin ruwa na daminar gida, da baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya daɗe a fadamun Mali, ya iso da hunturu. Ga shi kuma da madatsun Kainji da Jebba da ke riƙe wani kaso. Binuwai cika ɗaya gare shi, kuma babu wata babbar madatsa a kansa a cikin Nijeriya. Idan cikarsa ta yi daidai da farin ruwan Neja, kogunan biyu sukan tokare juna a Lakwaja, ruwa ya koma baya ya mamaye Koton Karfe da kewaye, sannan ya gangara Idah da Onica da Bayelsa.

Madatsun ruwa da ambaliya

Madatsar Lagdo tana kimanin kilomita 50 kudu maso gabas da Garwa. Wani kamfanin ƙasar Sin ne ya gina ta tsakanin 1977 da 1982, domin samar da wutar lantarki megawat 72 ga arewacin Kamaru da kuma noman rani. Tafkinta ya kai murabba'in kilomita 586. Da ta fara aiki, ta rage ruwan da ke malala fadamun da ke ƙasa da ita a kowace damina, abin da ya taɓa noman masakwa da ake dasawa bayan janyewar ruwa, ta kuma jawo masunta daga wurare da dama zuwa bakin tafkin. A shekarun da tafkin ya cika, dole mahukunta su buɗe ƙofofi don kada madatsar ta fashe.

A ɓangaren Nijeriya an daɗe da tsara gina madatsar Dasin Hausa a ƙaramar hukumar Fufore, domin ta tare ruwan da aka saki daga Lagdo, ta kuma samar da lantarki da ruwan noma. Fiye da shekara 40 ke nan aikin bai tabbata ba. Madatsun da ake da su duk a kan rassa suke. A Gongola akwai Kiri, wadda aka gina a 1982 domin gonakin rake na Numan, da Dadin Kowa a Jihar Gombe, mai riƙe ruwa mita kubik biliyan 2.8. A Katsina-Ala akwai Kashimbila a yankin Takum, mai megawat 40, wadda aka ƙaddamar a 2023. Babban dalilin gina ta shi ne fargabar ɓallewar Tafkin Nyos na Kamaru, wanda ruwansa ke gangarowa cikin Katsina-Ala, kuma shi ne ya yi aman iska mai guba a watan Agusta na 1986 ya hallaka fiye da mutum 1,700. Aikin lantarki na Mambila da aka tsara a kan Kogin Donga, mai megawat 3,050, shi ma ya daɗe a takarda.

Ambaliyar 2012 ita ce ta farkar da ƙasa game da wannan kogi. Alƙaluman Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, sun nuna mutum 363 sun rasu, fiye da miliyan 2 sun rasa muhalli, an kuma ƙiyasta asarar a kan Naira tiriliyan 2.6. A 2022 abin ya fi muni ta fuskar rayuka: fiye da mutum 600 suka rasu, kimanin miliyan 1.4 suka bar gidajensu. A shekarun biyu ruwa ya yanke hanyar Abuja zuwa Lakwaja, motocin abinci da na mai suka yi kwanaki a tsaye, har aka ji a jika a gidajen man Abuja.

A duk lokacin da haka ta faru, Lagdo ce ke shan zargi. Taswira dai tana nuna cewa ƙasar da ke bayan madatsar kusan kashi ɗaya ce cikin goma na matattarar baki ɗaya. Mayo Kebbi da Faro da Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala duk a ƙasa da ita suke shigowa, kuma babu babbar madatsa a kan Faro ko Taraba ko Donga. Ministan Albarkatun Ruwa na wancan lokaci, Injiniya Suleiman Adamu, ya shaida wa 'yan majalisa a 2022 cewa mafi yawan ruwan ambaliyar daga ruwan sama ne da kogunan cikin gida. Sakin ruwan Lagdo ya fi yin ɓarna a Adamawa da arewacin Taraba, inda yake isa da ƙarfinsa, musamman idan ya tarar da kogi ya riga ya cika. Daga Ibi zuwa ƙasa kuwa, ruwan Mambila da Gashaka da Bamenda shi ke da rinjaye. Saboda haka Dasin Hausa, ko da an gina ta, za ta rage wa Yola da Numan nauyi, amma Makurɗi da Lakwaja suna buƙatar a kula da rassan kudu ma.

Akwai kuma abin da hannun mutum ya ƙara. Sare itatuwa da noma a gangaren duwatsu suna sa ruwa ya sauko da sauri, ya kwaso ƙasa ya jibge a cikin kogin, cikinsa ya cike, ruwan da a da yake ɗauka ya rasa wurin zama. Garuruwa irin su Jimeta da Makurɗi da Lakwaja sun faɗaɗa zuwa cikin fadamun da tun asali makwancin ruwa ne.

Jama'a da sana'o'i

Kwarin Binuwai yana cikin yankunan da suka fi yawan harsuna a Afirka. A sama akwai Bata da Bacama da Mbula da Fulani da Camba da Mumuye. A tsakiya akwai Jukun, magadan daular Kwararrafa da tarihin Kano ya ambata, waɗanda Aku Uka na Wukari ke shugabanta, da Tibi da Alago. A ƙasa akwai Idoma da Agatu da Basa da Igbira da Igala. Hausawa fatake da masunta sun daɗe da kafa unguwanni a garuruwan gaɓar kogin, kuma Hausa ita ce harshen kasuwa a yawancinsu. Modibbo Adama, wanda ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Yola a 1841, masarautarsa ta Fombina kuma ta mamaye saman kogin tun kafin a ja iyakar da ta raba Yola da Garwa.

Lakar da ruwa ke bari kowace shekara ita ce takin fadamun. Ana noma shinkafa da masara da rake da kayan lambu a bakin kogin, doya da rogo da riɗi da waken suya da lemo a kan tudu. Kasuwar doya ta Zaki Biam tana cikin mafiya girma a ƙasar nan, Jihar Binuwai kuma ana yi mata kirari da rumbun abincin ƙasa. A Mambila, saboda sanyi, har ganyen shayi ake nomawa. Masunta suna kama giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu da ragon ruwa, ana kuma bukukuwan su na Nwonyo a Ibi da Njuwa a Yola. Dorina da kada da ayu suna nan a wasu sassa, ko da yake farauta da taru sun rage su ƙwarai.

Da rani, lokacin da ciyawa ta bushe a arewa, fadamun kogin ne ke zama makiyaya. A da ƙudan tsando da cutar sammore sun taƙaita shigar shanu kudancin kwarin. Da aka sare dazuzzuka ƙudan ya ragu, garkuna suka ƙara kutsawa kudu, a daidai lokacin da noman rani ke cinye fadamun da burtali. Wannan gasa a kan ƙasa ɗaya da ruwa ɗaya tana cikin tushen rikicin manoma da makiyaya da ya ci rayuka da dama a Binuwai da Nasarawa da Taraba da Adamawa, wanda ya kai jihohin Binuwai da Taraba ga kafa dokar hana kiwon sake a 2017.

Hanyar ruwa

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya isa mahaɗar Binuwai da Faro a watan Yuni na 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Yola. A 1854 Dokta William Baikie ya hau kogin da jirgin tururi mai suna Pleiad, tare da Samuel Ajayi Crowther, har ƙasar Muri, kuma saboda shan kwini babu wanda zazzaɓi ya kashe a tawagar. Wannan ya buɗe wa kamfanonin Turawa ƙofa, Ibi ta zama babbar tashar kamfanin Royal Niger, a Lakwaja kuma aka ɗaga tutar mulkin Ingila a kan Arewacin Nijeriya ranar 1 ga Janairu, 1900.

Har zuwa shekarun 1960 manyan jiragen daukar kaya suna hawa zuwa Yola da Garwa a 'yan makonnin cikar ruwa, su kai man fetur da siminti da gishiri, su sauko da auduga da gyaɗa na arewacin Kamaru da Cadi. Yaƙin basasa ya katse wannan zirga-zirga, motoci da tituna suka gaje ta, yashi kuma ya ƙara toshe hanya. An sha yin alƙawarin yashe kogin da gina tashar jiragen ruwa a Makurɗi. Gadar farko a kansa ita ce ta Makurɗi, wadda aka buɗe a 1932 domin jirgin ƙasa da mota. Daga baya aka samu ta Jimeta da ta Numan da sabuwar gadar Makurɗi, sai ta Loko zuwa Oweto da aka ƙaddamar a 2023. A tsakanin waɗannan gadoji akwai tazarar ɗaruruwan kilomitoci inda kwalekwale da jirgin fito ne kaɗai hanya, kuma a nan ne ake yawan samun kifewar jirage da damina, galibi saboda lodi fiye da kima da tafiyar dare da rashin rigar kariya.

Masu kula da kogin

A cikin yankunan ruwa takwas da aka kasa Nijeriya, biyu na Binuwai ne, na sama da na ƙasa. Hukumomin raya kogunan da aka kafa a 1976 sun bi wannan tsari: ta Binuwai ta Sama tana Yola, ta Ƙasa tana Makurɗi. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, hedikwatarta na Lakwaja. A matakin ƙasa da ƙasa, Binuwai ne ya sa Kamaru da Cadi suke cikin Hukumar Kogin Neja mai mambobi tara, wadda aka kafa a 1980, mai mazauni a Yamai.

Hukumar Kula da Al'amuran Ruwa ta Ƙasa, NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina, tana kuma auna tsawon ruwa a tashoshi irin su Wuro Bokki kusa da iyaka, da Makurɗi, da Lakwaja. A 2023 da 2024 Kamaru ta sanar da Nijeriya kafin ta buɗe ƙofofin Lagdo, hukumomi kuma suka isar da gargaɗi ga jihohin da ke gaɓar kogin. Rashin gangaren da ke sa Binuwai malala cikin gonaki da gidaje yana da amfani ɗaya: ruwan da ya wuce Yola yana ɗaukar kwanaki kafin ya kai Makurɗi, da wasu kwanakin kafin Lakwaja. Waɗannan kwanaki su ne damar da manomi ke da ita ya kwashe amfanin gona, iyali kuma su hau tudu, muddin saƙon ya iso ƙauyensu a kan lokaci, cikin harshen da suke ji.